Takardar Ƙarya da Harsashi 32: Shari'ar Breonna Taylor a Louisville

Ranar Alhamis, 12 ga Maris, 2020, wani jami'in bincike na rundunar 'yan sandan Louisville, a jihar Kentucky ta Amurka, ya je gaban mai shari'a Mary Shaw da takardu biyar na neman izinin binciken gidaje. Sunansa Joshua Jaynes. Yawancin takardun sun shafi wasu gidaje ne a titin Elliott, yammacin birnin, inda ake zargin wani Jamarcus Glover da abokansa suna dillancin miyagun ƙwayoyi. Guda ɗaya kuwa ta shafi wani ɗan gidan haya a kudancin gari, kimanin mil 10 daga can, inda Breonna Taylor take zaune. Matashiya ce baƙar fata, 'yar shekara 26, tana aiki a sashen gaggawa na asibiti. Abin da ya jawo sunanta cikin maganar shi ne sun taɓa soyayya da Glover.

A dokar Amurka, alƙali ba ya ba da izinin shiga gidan mutum sai an rantse masa da dalili. Jaynes ya rantse cewa ya tabbatar ta hannun sufeton gidan waya cewa Glover yana karɓar saƙonni a adireshin Breonna. Ƙarya ce. Bai yi magana da wani sufeto ba. Tambaya ya aika ta hannun abokan aiki, amsar da ta dawo masa kuma ita ce babu wani saƙo abin zargi da ke zuwa wannan gida. Duk da haka ya rubuta, ya rantse, mai shari'a ta sa hannu, har da izinin a fasa ƙofa ba tare da sallama ba.

Duk ƙararrakin da suka biyo baya, na neman diyya da na laifi, a kan tambaya guda suka yi ta jujjuyawa: idan aka kashe mutum a gidansa wurin bincike, daga ina doka za ta fara lissafi? Daga daƙiƙar da aka ja kunamar bindiga, ko daga ranar da aka rubuta takarda?

Daren Juma'a

Wajen ƙarfe 12:40 na dare, 13 ga wata, 'yan sanda cikin farin kaya suka tsaya a ƙofar gidan. An gaya musu tun a ofis cewa aiki ne mai sauƙi, mace ce ita kaɗai, don haka su ƙwanƙwasa su bayyana kansu ko da takarda ta ba su damar fasawa kai tsaye. Motar asibitin da aka girke a kusa ma an sallame ta kimanin awa guda kafin nan. Ba su san cewa saurayinta na yanzu, Kenneth Walker, yana ciki ba, ballantana su san yana da bindiga mai lasisi.

Kowa ya yarda an buga ƙofa, kuma da ƙarfi. Inda aka raba gari shi ne ko an ce “'yan sanda ne”. Jami'an sun ce sun faɗa, ba sau ɗaya ba. Walker ya ce shi da Breonna sun taso daga gado suna ɗaga murya suna tambayar waye, ba wanda ya amsa. Maƙwabta kusan goma sha biyu sun ce ba su ji an ambaci 'yan sanda ba. Mutum ɗaya ya ce ya ji, shi ma da farko cewa ya yi bai ji ba, daga baya ya sauya magana. Kyamarar da ake maƙala wa 'yan sanda a jiki da ta raba wannan gardama, amma babu hoton harbin ko ɗaya.

Suka sa gungumen ƙarfe suka ɓalle ƙofar. Walker, wanda ya ce ya zaci ɓarayi ne ko tsohon saurayin, ya yi harbi ɗaya. Harsashin ya sami Sajan Jonathan Mattingly a cinya, ya tsinka masa babbar jijiyar jini. 'Yan sanda suka mayar da harbi 32. Mattingly ya yi 6, Myles Cosgrove ya yi 16 daga bakin ƙofa. Brett Hankison kuwa zagayawa ya yi ta waje, ya saki 10 ta ƙofar gilashi da tagar ɗakin kwana, dukkansu a rufe da labule, bai ga kowa ba, bai ga komai ba. Wasu daga harsasansa suka huda bango suka faɗa gidan maƙwabta, inda wata mai juna biyu da wani mutum da yaro ɗan shekara 5 suke. Breonna, wadda ba ta riƙe da komai, harsashi 6 ya same ta a lungun da ya nufi ɗakinta. Binciken FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya, ya nuna na Cosgrove ne ya yi ajalinta. Walker ko ƙwarzane bai samu ba.

Shi da kansa ya kira lambar gaggawa yana kuka, yana cewa wani ya ɓalle ƙofa ya harbi budurwarsa. Mutumin da ya san da 'yan sanda ya yi musayar wuta ba ya kiran 'yan sanda su kawo masa ɗauki, kuma wannan kiran ne daga baya ya zama babbar hujjarsa. A daren nan aka kama shi, aka tuhume shi da yunƙurin kashe jami'i. Ba a sami ƙwaya a gidan ba. Glover kuwa, wanda dominsa aka yi duk wannan, an kama shi a titin Elliott a daren, ba wanda ya mutu.

Akwai wata takarda da ya kamata a duba da kyau, wato rahoton da rundunar ta cike kan abin da ya faru. Kusan fayau take. A layin raunin da wadda abin ya shafa ta ji, an rubuta “babu”. A layin ko an shiga da ƙarfi, an zaɓi “a'a”. Da aka fito da ita a watan Yuni, rundunar ta ɗora laifin a kan na'urar cike rahoto. Mahaifiyar Breonna, Tamika Palmer, asibiti aka fara tura ta a daren, ta zauna jiran 'yar da ba a kawo ba, ta koma ƙofar gidan ta ci gaba da jira. Sai da rana ta ɗaga sosai ta gane cewa gawar tana ciki tun dare.

Ƙarar Tamika Palmer

Ranar da aka kashe Breonna ita ce ranar da Shugaba Trump ya ayyana dokar ta-ɓaci saboda annobar korona. Labarin ya nutse. Abin da ya shiga kafafen labarai a lokacin shi ne an harbi ɗan sanda wurin binciken ƙwaya, an kama wanda ya yi harbin, wata mata ta mutu.

A ƙarshen Afrilu, lauyoyin iyalin, Sam Aguiar da Lonita Baker, suka shigar da ƙara a kotun jiha da ke gundumar Jefferson a kan jami'ai ukun da suka yi harbi. Sun zarge su da amfani da ƙarfi fiye da kima, da mugun sakaci, da haddasa mutuwa ba bisa haƙƙi ba. A watan Mayu sanannen lauyan nan Ben Crump ya shigo, maganar ta fara fita daga Kentucky. A watan ne sufeton gidan waya na Louisville ya fito ya ce ofishinsa bai taɓa tabbatar da abin da Jaynes ya rubuta ba. Mai gabatar da ƙara ya janye tuhumar Walker. Ranar 25 ga Mayu wani ɗan sanda ya kashe George Floyd, baƙar fata, a birnin Minneapolis, bayan kwana uku aka saki muryar kiran da Walker ya yi, a daren kuma jama'a suka cika titunan Louisville.

Amfanin ƙarar diyya na farko ba kuɗi ba ne. Da zarar an shigar da ita, lauya yana da ikon neman takardu, ya tilasta wa hukuma ta buɗe fayil, ya zaunar da jami'i ya amsa tambaya bisa rantsuwa. Iyalin da ba su da wannan makami sai dai su karɓi abin da kakakin runduna ya karanta. A nan ƙarar ta yi aikinta, ta hana maganar mutuwa a makonnin da hankalin kowa ke kan annoba.

Majalisar birnin ta riga kotu motsi. Ranar 11 ga Yuni kansiloli suka amince baki ɗaya da dokar da suka sa wa sunan Breonna, wadda ta haramta izinin fasa ƙofa ba sallama, ta kuma wajabta kunna kyamarar jiki yayin bincike. Aka kori Hankison daga aiki ranar 23 ga Yuni.

Ranar 15 ga Satumba, 2020, magajin gari Greg Fischer ya tsaya tare da Tamika Palmer ya sanar da sulhu: dala miliyan 12, mafi girman abin da birnin ya taɓa biya har zuwa lokacin saboda aika-aikar 'yan sanda. An haɗa da sharuɗɗan gyara. Dole babban jami'i ya duba takardar neman izinin bincike kafin ta je gaban alƙali. Dole ma'aikatan jinya su kasance a kusa idan za a fasa ƙofa. Za a kafa tsarin gano jami'an da ƙorafi ya yi yawa a kansu, a ɗauki ma'aikatan walwalar jama'a su riƙa taya 'yan sanda wasu kiraye-kiraye, a kuma tallafa wa jami'an da suka yarda su sayi gida a unguwannin marasa ƙarfi. Wanda ya karanta jerin zai ga kowane sharaɗi yana nuna wani rami da aka faɗa a daren nan.

Wata shida kacal daga harbi zuwa biya. Irin waɗannan ƙararraki sukan ci shekaru, don haka ba shakka zanga-zanga ce ta sa birnin gaggawa. Sai dai sulhu yana da farashinsa. Birnin bai amsa laifi ba, an rubuta haka a yarjejeniyar. Ba alƙalin da ya yanke cewa harbi 32 ya wuce kima. Zargin da lauyoyi suka ƙara a watan Yuli, cewa samamen titin Elliott yana da alaƙa da shirin kwashe mazauna unguwar don a sake gina ta, wanda birnin ya musanta da kakkausar murya, bai taɓa zuwa gaban shaidu ba, ya tsaya a zargi. Ban ga laifin uwa ba don ta karɓi sulhu. Wanda ya san yadda kotunan Amurka ke auna irin wannan ƙara zai gane cewa da an je ƙarshe tana iya tashi a tutar babu.

Ƙofar kotu da matsinta

Asalin haƙƙin yana cikin Gyara na Huɗu na kundin tsarin mulkin Amurka, na shekarar 1791, wanda ya hana bincike da kamu ba bisa dalili ba. Hanyar neman diyya kuwa daga wata doka ce ta 1871, wadda aka yi bayan yaƙin basasa don kare baƙaƙen fata daga ƙungiyar Ku Klux Klan da jami'an jihohin da ke ɗaure mata gindi. Lauyoyi suna kiranta Sashe na 1983 (lambar sashe ce a kundin dokoki, ba shekara ba). Ta ce duk wanda ya fake da ikon hukuma ya tauye wa mutum haƙƙinsa na tsarin mulki, ana iya kai shi kotu.

Kusan shekara 90 dokar tana kwance ba a cika waiwayarta ba. Abin da ya tashe ta shi ma samamen gida ne. A 1958 'yan sandan Shikago 13 suka kutsa gidan wani baƙar fata, James Monroe, da asuba ba takardar izini, suka tsayar da shi da matarsa tsirara a falo, suka birkita ɗakuna, suka tafi da shi suka tsare na awa 10, sannan suka sake shi ba tuhuma. A 1961 Kotun Ƙoli ta ce yana da damar ƙarar jami'an a kotun tarayya. Daga wannan hukunci ne ƙararrakin haƙƙin ɗan ƙasa a kan 'yan sanda suka samo tushe.

Kotun da ta buɗe ƙofar ita ce ta yi ta matse ta. Ta ba jami'ai wata rigar kariya, wadda ta ƙarfafa a 1982: ko da jami'i ya keta haƙƙin mutum, ba zai biya ba sai an nuna cewa haƙƙin a bayyane yake tun kafin ranar, abin da a aikace yake nufin lauya ya nemo tsohon hukunci mai kama da lamarinsa sosai. Birni kuma, bisa hukuncin Monell na 1978, ba a kama shi don kawai ma'aikacinsa ya yi laifi. Sai an nuna cewa manufar birnin ko al'adar rundunarsa ce ta haifar da ɓarnar. Alƙalin da ya sa hannu a takarda kuwa ba a ƙararsa sam. (Mary Shaw a akwatin zaɓe ta gamu da nata, ta rasa kujerarta a 2022, domin a Kentucky zaɓen alƙalai ake yi.)

Sai ma'aunin ƙarfin kansa. A shari'ar Graham da Connor ta 1989, Kotun Ƙoli ta ce a auna abin da jami'i ya yi da idon jami'i mai hankali da ke wurin a wannan lokaci, wanda dole ya yanke shawara cikin ƙiftawar ido, ba da idon wanda ya zauna a ofis bayan ƙura ta lafa ba. Ɗora wannan ma'auni a kan Mattingly: ƙofa ta buɗe, an harbe shi a cinya, ya rama. Da wuya a sami kotun da za ta ce bai yi daidai ba. Cosgrove ma zai ce abokinsa ya faɗi a gabansa. Ma'aunin ba ya tambayar me ya kawo su ƙofar da tsakar dare.

An taɓa gwada toshe wannan giɓi. Kotun ɗaukaka ƙara da ke kula da yammacin ƙasar tana da ƙa'idar cewa idan 'yan sanda ne suka tsokano arangamar ta hanyar shiga ba bisa doka ba, to su ɗauki alhakin harbin da ya biyo baya. A 2010, a Kalifoniya, jami'ai biyu suka buɗe wata bukka a bayan wani gida ba izini ba sallama. Angel Mendez yana kwance da budurwarsa mai ciki, ya ɗaga wata 'yar bindigar iska da yake harbin ɓeraye da ita don ya samu ya tashi zaune. Suka yi harbi 15, aka yanke masa ƙafa. A 2017 Kotun Ƙoli ta soke wannan ƙa'ida. Ta ce shiga daban, harbi daban, kowanne a auna shi shi kaɗai. Abin da ta bari shi ne mai ƙara ya gwada nuna cewa shigar haramun ɗin ce sanadin raunin kai tsaye.

Maganar sallama ma haka ta kasance. Tsohuwar ƙa'ida ce da Amurka ta gada daga Ingila, kuma a 1995 Kotun Ƙoli ta ce tana cikin Gyara na Huɗu. Amma a 2003 ta ce jiran daƙiƙa 15 zuwa 20 ya wadatar a binciken ƙwaya. Mu da ake sallama sau uku a ƙofar zaure, in ba a amsa ba a juya, sai mu kwatanta: mutum yana barci ƙarfe ɗayan dare, a daƙiƙa 20 ko takalmi bai gama lalubowa ba. A 2006, a shari'ar Hudson da Michigan, alƙalai 5 cikin 9 suka ce ko 'yan sanda sun karya ƙa'idar sallama, ba za a zubar da shaidar da suka samo ba. Ɗaya daga dalilan mai shari'a Scalia, wanda ya rubuta hukuncin, shi ne wai tsoron ƙarar diyya ya isa ya tsawatar musu.

Wannan dalili bai da ƙwari. Farfesa Joanna Schwartz ta jami'ar UCLA ta bi diddigin kuɗin da aka biya a irin waɗannan ƙararraki tsakanin 2006 da 2011 a rundunoni da dama, ta gano cewa abin da ya fito daga aljihun jami'ai bai wuce kashi 0.02 cikin ɗari ba. Sauran duk hukuma ce ke biya. A Louisville ma haka, baitulmalin birni da inshorarsa ne suka ɗauki miliyan 12 ɗin. Ma'ana, mazauna yammacin Louisville da ake fasa wa ƙofofi suna cikin waɗanda harajinsu ya biya.

Harbi ɗaya na Kenneth Walker

Kentucky jiha ce da doka ta ba mutum damar kare gidansa da bindiga idan aka kutsa masa. Togaciyar ita ce idan ɗan sanda ne a bakin aiki, kuma ya bayyana kansa, ko mai gida ya sani ko ya kamata ya sani. To ga jiha ta ce wa mai gida ya harbi wanda ya ɓalle masa ƙofa da dare, ga ta kuma ta ba jami'anta cikin farin kaya takardar ɓalle ƙofa da dare. Dokokin biyu suka yi karo a lungun gidan Breonna, kowane ɓangare yana da hujjar cewa kansa yake karewa, wadda ba ta yi harbi ba ita ta mutu.

Kwana takwas bayan sulhu, ranar 23 ga Satumba, babban lauyan jihar, Daniel Cameron, ya sanar da sakamakon kwamitin 'yan gari da ke duba ko akwai hujjar gurfanarwa. Ba a tuhumi kowa da kisan Breonna ba. Ya ce harbin Mattingly da Cosgrove halattacce ne tunda Walker ne ya fara. Hankison kaɗai aka tuhuma, shi ma don ya jefa rayukan maƙwabta cikin haɗari. Abin da ya fi ƙona wa jama'a rai ke nan: harsasan da suka kuskure aka tuhuma, waɗanda suka same ta aka wanke. Wasu 'yan kwamitin suka nemi izinin kotu suka yi magana, suka ce ba a ma gabatar musu da zaɓin tuhumar kisa ba. A Maris 2022 kotun jiha ta wanke Hankison daga wannan ma.

Walker ya shigar da nasa ƙararrakin, ɗaya a kotun jiha a Satumba 2020, ɗaya a kotun tarayya a Maris 2021. Ta tarayyar ce ta tafi kai tsaye ga Gyara na Huɗu, ta haɗa da birnin kansa, tana cewa takardar izinin ƙarya ce kuma rundunar ta saba irin wannan aiki. Mattingly shi ma ya yi ƙarar Walker saboda harbin cinyarsa. A Maris 2021 alƙali ya rufe tuhumar Walker har abada. A Disamba 2022 birnin ya sasanta da shi a kan dala miliyan 2. Nan ma ba hukunci.

Gwamnatin tarayya ce ta koma kan takarda. Ranar 4 ga Agusta, 2022, ministan shari'a Merrick Garland ya sanar da tuhumar jami'ai huɗu: Jaynes, da Sajan Kyle Meany wanda ya amince da takardar, da Kelly Goodlett wadda ta taya rubutawa, sai Hankison. Goodlett ta amsa laifi a watan. Ta ce ta san maganar gidan waya ƙarya ce, kuma ita ma ta ƙara wani sakin layi mai ɓatarwa da ke nuna kamar gidan Breonna ne mazaunin Glover. Ta ƙara da cewa a Mayu 2020, da asiri ya fara tonuwa, ita da Jaynes sun haɗu a garejin motarsa suka tsara abin da za su faɗa wa masu bincike don bakinsu ya zo ɗaya. Wannan ikirari ne ya tabbatar da abin da lauyoyin Tamika suke faɗa tun shekara biyu da suka wuce.

Amma a Agusta 2024 mai shari'a Charles Simpson ya sauke mafi nauyin tuhumar da ke kan Jaynes da Meany, wadda ke iya kai su ga ɗaurin rai da rai. Ya ce a ido na doka harbin Walker ne sanadin mutuwar, shi ya yanke igiyar da ke tsakanin takardar da gawar. A nan nake ganin doka ta kauce. Wanda ya tura mutane da bindigogi su fasa ƙofa bayan ƙarfe goma sha biyun dare, a ƙasar da gidaje da yawa ke da makami, ba zai ce harbin mai gida ya zo masa ba zato ba. Hasashen irin wannan arangama ne ma ya sa aka kafa ƙa'idar sallama tun farko. Jami'an da ke ƙofar su ma an cuce su, domin da takardar gaskiya aka rubuta ba za su je ba, Mattingly ba zai kusa rasa ransa ba. Sai dai tunanin Simpson bai fita daga layin da Kotun Ƙoli ta shata a shari'ar Mendez ba, na yanka dare ɗaya gunduwa-gunduwa a auna kowace ita kaɗai.

Inda aka kwana

Hankison ne kaɗai cikin masu harbi ya sha hukunci, shi da harsashinsa bai taɓa Breonna ba. Shari'arsa ta farko a kotun tarayya ta watse a Nuwamba 2023 saboda masu taya alƙali sun kasa daidaitawa. A ta biyu, ranar 1 ga Nuwamba, 2024, suka same shi da laifin tauye haƙƙin Breonna ta hanyar amfani da ƙarfi fiye da kima, suka wanke shi a ɓangaren maƙwabta. Kafin a yanke masa hukunci gwamnati ta sauya hannu, ma'aikatar shari'ar da ta gurfanar da shi ta dawo tana roƙon a ɗaure shi kwana ɗaya tak. Mai shari'a Rebecca Grady Jennings ta ƙi, a Yuli 2025 ta yanke masa wata 33.

Jihar Kentucky ba ta bi sahun Louisville gaba ɗaya ba. Dokar da Gwamna Andy Beshear ya sa wa hannu a Afrilu 2021 taƙaita izinin fasa ƙofa ba sallama ta yi, ta ware shi ga manyan laifuka na tashin hankali, kuma tsakanin ƙarfe 6 na safe da 10 na dare sai in da larura.

A Maris 2023 ma'aikatar shari'a ta fitar da rahoton binciken rundunar da ta shafe kusan shekara biyu tana yi. Ta ce 'yan sandan Louisville sun saba amfani da ƙarfi fiye da kima, suna bincike da takardun izini marasa inganci, suna shiga gidaje ba ƙwanƙwasawa ba bayyana kai, suna kuma nuna wa baƙaƙen fata bambanci. Irin shaidar da hukuncin Monell ke buƙata kenan don a kama birni da laifin al'adar rundunarsa, sai dai ta iso wata uku bayan an rufe ƙarar Walker. A Disamba 2024 birnin da gwamnatin tarayya suka sa hannu a yarjejeniyar gyara da kotu za ta sa wa ido. A Mayu 2025 sabuwar gwamnati ta sanar da janyewa daga yarjejeniyar, ta kuma janye sakamakon binciken. Magajin gari Craig Greenberg ya ce birnin zai ci gaba da gyaran da kansa.

Jaynes da Cosgrove an kore su a Janairu 2021, Mattingly ya yi ritaya a shekarar. Hukumar da ke ba 'yan sandan Kentucky shaidar aiki ba ta ƙwace ta Cosgrove ba, kuma a Afrilu 2023 ofishin sherif, wato shugaban 'yan sandan gunduma, na gundumar Carroll, tafiyar kimanin awa ɗaya daga Louisville, ya ɗauke shi aiki.